Filayar da Aka Ƙi Sayar Mini

Abubuwa da yawa sun zube mini daga kai a 'yan shekarun nan, har lambar wayar matata sai na duba nake tunawa. Amma ranar da na shiga kasuwar Jimeta neman filaya tana nan daram, kuma na san da ita za a binne ni.

Ni mai gyaran famfo ne. Ina gyara tuƙa-tuƙa a unguwanni, ina kuma gyara injin ban-ruwa na masu shinkafa da lambu a bakin tafkin Njuwa har zuwa Bako. A Yolde Pate nake zaune. Abin ya faru ne a lokacin da masu tayar da ƙayar baya suka ci garuruwan arewacin jiharmu ɗaya bayan ɗaya, har Mubi ta faɗa hannunsu, mutane suka kwararo Yola a ƙafa da a mota. Gidanmu mai ɗaki huɗu ya ɗauki mutum fiye da talatin. In za ka fita sallar asuba sai ka riƙa ɗaga ƙafa kana tsallake yara.

A cikin waɗanda suka zo akwai matar yayana, wadda muke ce wa Adda, da 'ya'yanta biyar. Shi yayan nawa, Hamma muke kiransa kamar yadda ake kiran babban wa a gidajenmu, makanike ne a Mubi. Shi ya sa su a mota da hannunsa, ya ce zai je ya rufe gareji ya biyo bayansu. Tun daga nan wayarsa ta daina shiga. Kwana goma sha tara muna kira, ba labari.

Mahaifiyarmu, Dada, ta ɗauko tabarmarta ta dawo bakin zaure. Duk keken haya mai ƙafa uku da ya tsaya a layinmu sai ta ɗaga kai. Abinci kuwa sai dai ta taɓa ta ture. Ni kuma zama ya gagare ni. Na zagaye tashoshin mota, na shiga makarantun da aka sauke 'yan gudun hijira, ina leƙa fuskar duk namijin da ya yi tsayin Hamma. In na dawo gida ban iya minti goma a zaune, sai in sake fita ba tare da na san inda za ni ba.

Ana cikin haka tuƙa-tuƙar unguwarmu ta tsaya. Ba abin mamaki ba ne, famfon da aka yi wa unguwa ɗaya ya koma shayar da unguwa uku, tun asuba ake tuƙa shi har magariba. Kwana biyu kacal da tsayawarsa mata suka fara ɗibar ruwan kududdufi, yara biyu a gidan da ke bayanmu suka kama gudawa. Jauro, wato mai unguwarmu, ya tako har ƙofar gida ya ce, "Na san halin da kuke ciki, amma in ciwon nan ya shiga gidajen nan yadda muke a cushe, ba mai tsayar da shi. Ka taimaka."

Bari in ɗan yi bayanin aikin, don a gane abin da ya kai ni kasuwa. In za a gyara tuƙa-tuƙa, sai an zaro bututu da rodin da ke cikinsa ɗaya bayan ɗaya, kowanne a ɗaure da na ƙasansa. Lokacin da kake kwance na sama, dole wani abu ya riƙe na ƙasa gam. In ya kuɓuce, duk sauran za su zurma can ƙasan rijiya, sai an kawo babbar mota kafin a ciro su, kuma a wancan lokacin ba mai kawo maka ita. Abin da nake riƙe rodi da shi shi ne filaya mai kulle, wadda makanikai ke ce wa girif. Akwai sukuru a wutsiyarta, ka daidaita bakin, ka matse, ta ce ƙas, ta ci gaba da cizo ko ka ɗauke hannunka.

Tawa ta karye tun da damina. Ta wani abokin sana'a nake ara, shi kuwa ya kwashe iyalinsa ya yi Gombe da kayan aikinsa. Sai na sayi sabuwa a wani shago a bakin titi, tana ƙyalli a cikin leda. Wanda ya kama mini aikin maƙwabcina ne, tsohon malamin makaranta mutumin wajen Numan, duk unguwa Baba Ticha muke ce masa. Shi ma gidansa cike yake da mutanen cocinsu da suka gudo. Mun zaro rodi na farko, mun zaro na biyu. A na uku sai na ji fas, filayar ta buɗe da kanta, rodi ya fara sulalewa ƙasa. Baba Ticha ya cafke shi da hannu biyu. Ƙarfen ya ja shi har ya durƙusa, amma bai saki ba sai da na naɗa waya na tokare da katako. Da ya buɗe hannunsa, fatar tafin ta saɓule. Na duba filayar, haƙoranta sun kwanta kamar an yi su da gwangwanin madara.

Baba Ticha yana hura hannunsa ya ce, "Ɗana, je ka nemo ta gaske. Hannun nan ba zai iya sau biyu ba."

Washegari da sassafe na kama hanyar Jimeta. Na sa guntun rodi da magagari a jaka, don na rantse ba zan ƙara sayen filayar da ban gwada ba. A cikin keke wata mata ta yi ta kallon jakar tana matsawa, har sai da na buɗe na nuna mata, duk da haka a mahaɗa ta gaba ta sauka. Haka garin yake a lokacin. Kowa yana kallon hannun kowa. A shingen sojoji mu sauka mu wuce a ƙafa, a ƙofar kasuwa 'yan banga su zazzage maka jaka su tambaye ka me za ka yi da ƙarfe.

Na shiga layin masu kayan aiki. Shago na farko, shago na biyu, na biyar, duk abu ɗaya ne, sunan da ke jikin ledar ne kawai ya bambanta. In na goga magagari a haƙoran filaya sai in ga ya ci kamar sabulu. In na matse ta a jikin rodi na murɗa sai ta zame. Wani ya ƙwace kayansa ya ce in ba saye zan yi ba in ba shi wuri. Raina a dagule yake, ina gwada filaya amma rabin hankalina yana kan masu wucewa, ko zan ga wani ɗan Mubi da na sani.

Wajen hantsi tayar wata mota ta fashe a bakin titi. Kafin ka ce me, kasuwa ta watse. Mata suna ihu, an tattake tumatur, wani ya faɗa kwata. Ni ma na tsinci kaina a bayan wani shago ina haki, ban san lokacin da na ruga ba. Da aka gane taya ce aka dawo ana dariya, amma dariyar ba ta kai ciki ba.

Wani Inyamuri mai shago a ƙarshen layin ne ya gaya mini gaskiya. Ya bar ni na goga biyu, sannan ya riƙe hannuna ya ce, "Oga, ya isa, kar ka ɓata mini kaya. Orijinal ba ya zuwa yanzu, direba yana tsoron hanya. Wannan duka na kwana biyu ne. In aikin rai za ka yi, je bayan kasuwa wurin 'yan gwangwan, nemi tsoho. Ko ya yi tsatsa, saya."

Na yi azahar a gurguje na nufi can. Layin 'yan gwangwan wuri ne da ake zube tsofaffin ƙarafa a ƙasa, daga kan kwaɗo da sifana har ƙafar keken ɗinki. Na tsuguna na tona tsibi ya fi goma. Na sami wata mai kyan ƙarfe amma sifirin ɗinta ya mutu. Na sami wata haƙoranta sun cinye sumul. Rana tana dukan ƙeyata, ina tuna yaran nan biyu masu gudawa, ina tuna rodin da na bari a rataye da waya, ina kuma lissafin lokacin da za a rufe hanya, don akwai dokar hana fita da yamma.

A can ƙarshen layi akwai wani tsoho siriri mai farin gemu, ya shimfiɗa buhu ya jera 'yan kayansa, makullai da fitilu da tsofaffin takalma ƙafa huɗu ko biyar. A gefe guda ya kifa wani gwangwani, ya ɗora filaya guda ɗaya a kai. Baƙa ce, ba ta ƙyalli ko kaɗan. Na sunkuya na duba ta da kyau. A wutsiyarta, inda kan sukuru ya kamata ya kasance, notin tayar mota ne aka yi wa walda, kuma a karkace yake.

Ni na riƙe notin nan ranar da aka yi waldar. A lokacin ina koyon aiki a garejin Hamma, kafin in koma gyaran famfo. Kan sukurun ya karye, ya ce filaya irin wannan ba a yar da ita, ya ba ni noti in riƙe, tartsatsi ya sa hannuna ya yi rawa. Shekara da shekaru yana tsokanata da karkataccen notin nan. Ba ya ba da aronta ko ga ni. A aljihun rigar aikinsa take kwana, har aljihun ya huje Adda ta yi ta faci.

Na ɗauke ta. Na ce, "Baba, wannan fa?"

Ya ce, "Ba ta sayarwa ba ce."

"A ina ka same ta?"

Ya ɗago ya dube ni da kyau. Ya ce, "Ka san ta ne? Wani mutum ne ya zo da ita daga wajen Mubi, ya ce..."

Ban bar shi ya ƙarasa ba. A kwanakin ana ta raɗe-raɗin cewa akwai masu karɓar kayan da aka kwaso daga garuruwan da aka ci, suna sayarwa a ɓoye. Ban taɓa ganin ko ɗaya da idona ba, ji kawai nake yi. Amma da na ji ya ce Mubi, ga kuma filayar Hamma a hannuna, sai kwana goma sha tara na rashin barci suka hau mini kai gaba ɗaya. Na shaƙo wuyan rigarsa na ɗaga shi tsaye. Ba shi da nauyi ko kaɗan, wannan ma ina tunawa. Na daka masa tsawa da duk ƙarfina, "Ta yayana ce! Ina kuka kai shi? Kayan Mubi kake sayarwa! Su wa suke kawo maka?"

Wallahi ban kira kowa ba. Amma kafin in rufe baki an kewaye mu. Na ji maganata tana tafiya daga baki zuwa baki tana canza kama. Na kusa da mu ya ce kayan Mubi ne. Na bayansa ya ce yana karɓar kayan yaran nan masu tayar da ƙayar baya. Can baya wani ya ce ɗan leƙen asirinsu ne, an kama shi. Wani hannu ya wuce ta kan kafaɗata ya wanke tsohon da mari. Wani ya sauke masa katako a baya. Ya suɓuce daga hannuna ya faɗi, hularsa ta yi gefe, leɓensa ya fashe. Sai na ji wata murya tana cewa a kawo taya.

Yana ƙasa ya kamo ƙafar wandona. Na ɗauka roƙona zai yi. Na sunkuya, sai na ji yana cewa, "Yana coci... mutumin yana coci... ku yake jira."

Ban san yadda zan kwatanta abin da na ji ba. Kamar an kwara mini ruwan randa. Na faɗa kansa na rufe shi da jikina, duka ya koma sauka a bayana. Na yi ta ihu, "Ku bari! Bappana ne! Ƙanin ubana ne! Rigimar gida ce, ni na yi kuskure!" Ƙarya na yi, har da rantsuwa, kuma ita ce ƙaryar da ban taɓa nadamarta ba. Allah ya taimaka wasu maharba biyu da ke gadin kasuwa suka kutso da bindigoginsu, sauran 'yan gwangwan su ma suka taso suna cewa tsohon nan ya fi shekara talatin a wurin, kowa ya san shi. Yadda taron ya haɗu haka ya watse. Cikin minti biyu ba ka ganin ko ɗaya daga masu dukan. Rabin kayan da ke kan buhun ma sun bi su.

Aka zaunar da shi, aka ba shi ruwa ya kurkure baki ya tofar da jini. Ni ina tsugune a gabansa, na kasa haɗa ido da shi. Da numfashinsa ya daidaita, sai ya ci gaba da maganarsa daga inda na katse shi, kamar ba abin da ya faru a tsakani.

Ya ce kwana shida da suka wuce wani mutum ya zo, ƙafafunsa a naɗe da tsumma, yana tambayar ko an san wani mai gyaran famfo a Yola wanda yayansa makanike ne a Mubi. Ba wanda ya sani. Tsohon ya ga halin da ƙafarsa take ciki, ya ɗauki takalmi ɗaya cikin na sayarwa ya ba shi. Mutumin ya ce ya gaji da yawo, garin ya fi ƙarfinsa. Ya fito da filayar ya ce a ajiye ta a nan inda masu aikin ƙarfe ke wucewa, duk wanda ya san ta zai tsaya, in ya tsaya a gaya masa cocin da yake kwana.

Tsohon ya ce, "Mutum uku sun so saye, na hana. Na ɗora ta a kan gwangwani ne don ta yi tsayi a gan ta." Ya kwatanta mini cocin, ya tura mini filayar da ƙafarsa don hannunsa ba ya ɗaguwa. "Ɗauki ka tafi, kafin a rufe hanya."

Na buɗe baki zan ba shi haƙuri, ya kaɗa mini kai. Haka na tashi.

Harabar cocin cike take da tabarmi da ƙullin kaya, mata suna girki a kan duwatsu a gindin bishiyoyi. Wata dattijuwa a bakin ƙofa ta tambaye ni wa nake nema. Na ce ban san sunansa ba, na nuna mata filayar. Ta shiga, jim kaɗan ta fito da wani gajeren mutum, manomi daga wajen Michika, yana jan takalman da suka yi masa yawa. Ya kalli filayar, ya kalli fuskata, sai ya cire hularsa. Daga nan na sani.

Muka zauna a kan wani benci. Ya ce a bakin hanya suka haɗu da Hamma. Shi da iyalinsa suna cikin wata a-kori-kura cike da mata da yara, bututun birki ya fashe, direba ya rasa yadda zai yi. Hamma yana tafe a ƙafa, ya tsaya, ya shiga ƙarƙashin motar ya matse bututun da filayar nan, suka ci gaba tare. Da mai ya ƙare, ya cire abarsa, suka hau duwatsu a ƙafa suka nufi iyakar Kamaru. Ya ce yini guda cur Hamma yana ɗauke da ƙaramar 'yar manomin a wuya.

Hamma yana da ciwon suga. Maganinsa kuwa yana cikin jakar da ya sa wa Adda a mota, mun gan shi tun ranar da suka iso, ba wanda ya iya cewa komai a kai. A kwana na uku ya kasa tashi. Sauran suka wuce, mutumin nan ya tura matarsa da yara gaba, shi ya zauna da shi a gindin wata tsamiya. Ya ce, "Ya ba ni wannan, ya ce ƙanena yana Yola, yana gyara famfo, ka ba shi, ka ce ya riƙe Dada. Ya faɗi sunan unguwa, amma bakinsa ya yi nauyi, ban kama ba. Da rana ya ɗaga kaɗan, ya tafi."

Sannan ya ce, "Ni ba Musulmi ba ne, ban san yadda kuke yi ba. Na je na nemo wani Bafulatani mai shanu da 'yan'uwansa. Su suka wanke shi, suka yi masa salla, suka kwantar da shi yadda ya kamata. Ni na tona ramin. Na jera duwatsu a kai. In hanya ya buɗe zan kai ka, ban manta wurin ba."

Na isa gida ana gab da rufe hanya. Dada tana bakin zaure a inda na bar ta. Na durƙusa na ajiye filayar a kan tabarmarta. Adda ta fito da kwano a hannu, ta gan ta, ta zauna a ƙasa a wurin. Dada ta daɗe tana kallon ƙarfen, ta yi salati, sannan ta tambaye ni abu ɗaya.

"An yi masa salla?"

Na ce, "An yi, Dada. An wanke shi, an yi masa salla."

Ta ce, "To, alhamdu lillahi." Ta naɗe tabarmarta da kanta ta koma cikin gida.

Da gari ya waye masu gaisuwa suka fara cika layi, ga shi babu ruwan da za a ba su ko na alwala. Jauro ya ce in zauna a nemo wani. Na ce babu wani, kuma zaman ma ba zan iya ba. Baba Ticha ya fito da hannunsa a naɗe da bandeji, wasu magidanta biyu suka kama mana. Na daidaita karkataccen notin nan, na matse filayar a jikin rodi, ta ce ƙas. Rodi tara muka zaro, ba ta motsa ko sau ɗaya ba. Na canza robar da ta cinye a ƙasa, muka mayar. Kafin azahar ruwa ya zubo. Ina jin mata suna guɗa a bayana, ni kuwa na juya fuska ga bango, don a nan ne kukan ya zo mini.

Bayan addu'ar bakwai na koma wurin tsohon. Ya dawo kan buhunsa, leɓen ya ƙafe, amma hannun hagu a rataye yake da ƙyalle. Na tsuguna na ce, "Bappa, ka yafe mini." Ya ɗan yi murmushi jin sunan da na kira shi, ya ce ai tun ranar na mai da shi bappana a gaban shaidu, ba yadda zai yi. Ya yi mini ta'aziyya. Sannan ya ce, "Na yafe. Mai neman ɗan'uwansa ba a cikin hankalinsa yake ba. Amma ka riƙe wannan. Kai da hannu ɗaya ka kama ni. Sauran hannuwan duk muryarka ce ta kira su, kuma da ka ce su bari, ba su ji ka ba."

Da hanya ta buɗe, manomin nan ya cika alkawari, ya kai ni da babban ɗan Hamma har gindin tsamiyar. Duwatsun suna nan yadda ya jera su. Har yau in ya shigo Yola a gidanmu yake sauka. Tsohon kuwa na ci gaba da zuwa gaishe shi har Allah ya karɓi abinsa, kuma har ya rasu hannun nan bai ƙara ɗaguwa sama da kafaɗa ba. Duk zuwan da na yi sai na ga hannun, shi kuma bai taɓa tayar da maganar ba.

Abin da ranar nan ta koya mini shi ne, a garin da tsoro ya cika, zargi ba ya zama naka kai kaɗai. Da ka ɗaga murya ya fita daga hannunka, waɗanda za su ɗauka ba su san ka ba, ba su san wanda kake zargi ba, kuma ba za su jira bayani ba. Tun daga lokacin, duk yadda zuciyata ta tafasa a cikin mutane, nakan sauke murya, in bar mutum ya kai ƙarshen maganarsa. Mutumin da ya yi kwana shida yana tsare mini saƙon yayana na ƙarshe, kalmomi kaɗan suka rage masa ya isar da shi, na kusa sa a ƙone shi kafin ya faɗe su.